Awa Huɗu Kafin Haihuwa: Aikin Allurar Naƙuda A Kan Ƙwayar GBS

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ajiye zancen taki da iri tukuna, mu duba wani abu da ya shafi ɗakin haihuwa. Da wuya a sami ƙauyen da ba a taɓa ganin irin wannan ba: a haifi yaro da safe, ƙato, ya yi kuka, kowa ya yi barka. Kafin dare ya fara nishi, ya ƙi kama mama. Kashegari sai a ji babu shi, ko ranar suna bai kai ba. Waɗansu su ce iska ce, waɗansu su zargi maƙwabta. Sau da yawa kuwa ƙwayar cuta ce ta shiga jininsa a lokacin haihuwa.

Ƙwayoyin da ke yin wannan ɓarna iri-iri ne. Ɗaya daga cikin manyansu ita ce wadda likitoci ke kira Sitreftokokas rukunin B, ko kuwa GBS a taƙaice. Akwai allurar da ake yi wa mace tana cikin naƙuda domin a tsare jariri daga gare ta. Allurar ba ta da tsada, amma tana bukatar lokaci kafin ta yi aiki. Wannan lokaci kuwa yawancinsa a hannunmu yake, mu mutanen gida.

Wace ƙwaya ce wannan?

Makiyaya ne suka fara shan wahalarta. A shekarar 1887 waɗansu likitocin dabbobi biyu a Faransa, Nocard da Mollereau, suka bayyana ƙwayar da ke sa hantsar saniya ta kumbura, madara ta ragu ko ta ƙafe. Sunan da masana suka raɗa mata ma'anarsa ke nan, watau rashin madara. A 1933 wata masaniya a Amurka, Rebecca Lancefield, ta rarraba dangin waɗannan ƙwayoyi rukuni-rukuni bisa haruffa, wannan ta faɗa a rukunin B. An daɗe ana ɗaukarta ciwon shanu ne kawai. Sai wajen shekarun 1970 likitocin Amurka suka ga ta zama kan gaba wajen sa wa jarirai cutar jini a makon farko. Irin da ke cikin shanu da irin da ke cikin mutane dangi ne, amma yawanci ba ɗaya ba ne. Kada wani ya ce saniyarsa ce ta sa wa matarsa.

A jikin mutum mazauninta shi ne hanji. Daga can takan gangaro zuwa dubura da hanyar haihuwa. Ba ta sa ƙaiƙayi, ba ta sa ciwo, mai ita ba ta san tana da ita ba. Takan zo ta tafi: a gwada mace yau a samu, bayan wata biyu a rasa, ko kuwa a rasa yau a samu daga baya. Cikin mata 100 masu ciki, wajen 15 zuwa 20 suna ɗauke da ita.

Mu lura da wannan da kyau, musamman mu maza. Ba ciwon sanyi ba ce, ba alamar lalata ba ce, ba kuwa ƙazanta ce ke kawo ta ba. Maza ma suna ɗauke da ita a hanjinsu. Idan aka ce an same ta a jikin matarka, babu abin kunya, babu abin faɗa.

Yadda take kama jariri

Jariri a ciki yana kwance cikin ruwa, a rufe cikin wata 'yar jaka. Muddin jakar tana rufe, yana da kariya mai yawa. Sa'ad da faya ta fashe, ƙofa ta buɗe ke nan. Ƙwayoyin da ke hanyar haihuwa sukan haura su shiga ruwan, su yi ta haihuwa a ciki, gama idan suka sami wuri mai ɗumi da abinci, ƙwaya ɗaya takan rabu biyu cikin ƙasa da awa ɗaya. Jaririn yakan haɗiyi ruwan, ya shaƙe shi zuwa huhu. Har wa yau yana iya kwasarsu sa'ad da yake ratsowa ta hanyar haihuwa.

Ga lissafin. Idan ba a yi komai ba, wajen rabin jariran da uwayensu ke ɗauke da ƙwayar za su fito da ita a jikinsu. Yawancinsu ba abin da zai same su. Amma cikin 100 na waɗanda suka kwasa, 1 ko 2 za su yi ciwo mai tsanani: cutar jini, ko ciwon huhu, ko sanƙarau. Adadin kamar kaɗan ne, sai an tara na duniya duka. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ƙwaya tana kashe jarirai wajen 91,000 kowace shekara, tana kuma sa a haifi wajen 46,000 ba rai. Kusan rabin wannan nauyi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara yake.

Ciwon kashi biyu ne. Akwai na wuri, wanda ke tasowa cikin kwana 6 na farko, yawanci ma tun kafin jariri ya cika kwana ɗaya. Akwai na baya, daga kwana 7 zuwa wata 3. Allurar naƙuda na wuri take hanawa.

Abin da maganin ke yi wa ƙwayar

Maganin da aka fi so shi ne fenisilin, ko ƙaninsa amfisilin. Ta jijiya ake ba da shi, kamar yadda ake ƙarin ruwa.

Domin mu gane aikinsa, mu tuna da ginin rumbu. Kowace ƙwaya tana da bango mai ƙarfi kewaye da ita, cikinta kuwa cike yake tam, yana tura bangon. Idan za ta rabu biyu, dole ta ɗan buɗe tsohon bango ta gina sabo. Tana da waɗansu maginan da ke ɗaure zaren bangon, kamar yadda muke cuɗa ciyawa cikin laka domin gini ya kama. Fenisilin yakan manne wa waɗannan magina ya hana su aiki. Ƙwayar ta ci gaba da buɗe bango, ba mai ɗaurewa, sai ta fashe kamar rumbun da aka cika da hatsi tun ƙasa ba ta bushe ba. Jikin mutum ba shi da irin wannan bango, shi ya sa maganin ba ya taɓa naman uwa ko na jariri.

Abu biyu suka fito daga nan. Na ɗaya, maganin ya fi kama ƙwayar da ke cikin rabuwa. Ba dukansu ke rabuwa a lokaci guda ba, saboda haka sai maganin ya zauna cikin jiki yana jira, yana kashe su kashi-kashi. Na biyu, ƙoda tana fitar da fenisilin cikin fitsari da sauri ƙwarai. Domin haka ne akan fara da babban awo, sa'an nan a riƙa maimaita ƙarami kowace awa 4 har a haihu. Idan amfisilin ne, giram 2 ne da fari, sai giram 1 kowace awa 4. Idan kun ga nas ta dawo da wata allura, ba kuɗinku take so ta cinye ba. Ta farko ce ta kusa ƙarewa a jini.

Maganin yana aiki a wuri biyu. Yana rage yawan ƙwayoyin da ke hanyar haihuwa, domin jariri ya bi hanyar da aka share. Yana kuma ratsa mabiyiya ya shiga jinin jariri da ruwan da yake kwance a ciki, tun cikin awa ta farko. Ke nan ko da 'yan ƙwayoyi sun kai gare shi, sai su tarar magani ya riga su.

Me ya sa ake cewa awa huɗu?

An auna wannan abu, ba ƙiyasi ba ne. A 2007 waɗansu likitoci a Amurka suka riƙa ƙirga ƙwayoyin a hanyar haihuwa bayan an sa fenisilin. Bayan awa 2 yawansu ya ragu ninki 5. Bayan awa 4 ya ragu ninki 50. Watau inda da akwai 50, saura 1.

A 1998 kuma, a ƙasar Sifaniya, an duba jariran matan da ke ɗauke da ƙwayar, a ga nawa ne suka fito da ita a jikinsu:

Waɗanda ba a yi wa uwarsu allura ba, 47 cikin 100.
Waɗanda aka yi allura ƙasa da awa 1 kafin haihuwa, 46 cikin 100.
Tsakanin awa 1 da 2, 29 cikin 100.
Tsakanin awa 2 da 4, wajen 3 cikin 100.
Fiye da awa 4, wajen 1 cikin 100.

Ku sake duban layi na ɗaya da na biyu. Macen da ta iso asibiti kan yaro ya riga ya leƙo, ko an yi mata allura, kusan daidai take da wadda ba a yi wa ba ta wajen kwasar ƙwayar. Magani ɗaya ne, nas ɗaya ce. Bambancin duka lokaci ne. Manomi ya san wannan: takin da aka zuba bayan masara ta fid da goyo ba ya zama hatsi.

Amma a kiyaye. Awa 2 ta fi babu, saboda haka ba a fasa allura domin ana ganin haihuwa ta kusa. Ba a kuma riƙe haihuwa ko a jinkirta fiɗar gaggawa domin a cika awa huɗu. Idan yaro ya zo kafin lokacin ya cika, sai a sa masa ido sosai a asibiti.

Shin wannan dabara ta rage mutuwa da ciwo? A 1986 likitoci biyu a birnin Shikago, Boyer da Gotoff, suka nuna cewa amfisilin a lokacin naƙuda yana hana ciwon na wuri. Amurka ta fitar da ƙa'ida a 1996, a 2002 kuma ta ce a riƙa gwada kowace mai ciki. A farkon shekarun 1990 kusan jarirai 2 cikin 1,000 ke kamuwa da ciwon na wuri a can. Zuwa 2015 ya koma wajen 1 cikin 4,000. Ragin ya wuce kashi 80 cikin 100.

Abin da maganin ba ya yi

1. Ba ya tumɓuke ƙwayar daga jiki. Kun san tofa. Ka sare ta yau gona ta yi fes, amma saiwarta tana ƙarƙashi, bayan 'yan makonni ta sake tsirowa. Haka GBS take, saiwarta tana cikin hanji. Allura tana share hanya ne na 'yan awoyin da yaro zai wuce. Domin wannan dalili, shan magani a wata na bakwai ko na takwas ba ya hana komai, gama kafin ranar haihuwa ƙwayar ta dawo. Sai fa idan an same ta da yawa cikin fitsari. Wannan akan yi maganinsa nan take, duk da haka a sake yin allura ranar naƙuda.

2. Kafso da ƙwayar haɗiya ba su maye gurbin allurar jijiya. Mace mai naƙuda cikinta ba ya narkar da abu da sauri, sau da yawa ma amai take yi. Maganin ba zai kai jinin jariri da ƙarfin da ake bukata ba.

3. Wanke hanyar haihuwa ba ya isa. An gwada wannan a Soweto ta Afirka ta Kudu da mata wajen 8,000, aka riƙa goge su da ruwan magani mai kashe ƙwayoyi. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna cutar jarirai ba ta ragu ba. Balle ruwan ganye ko na kanwa. Yawan sa hannu bayan faya ta fashe kuwa tura ƙwayoyi sama yake yi.

4. Ba ya hana ciwon na baya. Jariri yana iya kwasar ƙwayar daga uwa ko daga hannun masu ɗaukarsa bayan an koma gida. Wanke hannu da sabulu kafin a taɓa jariri yana nan daram.

5. Ba GBS kaɗai ke kashe jarirai ba. Akwai waɗansu ƙwayoyin hanji da amfisilin ba ya iya musu. Ko an yi allura, a ci gaba da lura da yaro.

6. Maganin ba ya bambanta ciyawa da shuka. Yana rage ƙwayoyi masu amfani waɗanda ya kamata su fara zama a hanjin jariri. An ga sukan yi ƙaranci a makonnin farko, daga baya su farfaɗo, nonon uwa kuwa yana taimakonsu. A ba yaro dakashi tun awa ta farko, a ci gaba da nono zalla. Wannan ma dalili ne da ya sa ba kowace mai naƙuda ake yi wa allurar ba.

Zancen ƙwayoyin da suka daina jin magani

Har yanzu fenisilin yana kashe kusan dukan GBS, ko da yake an ga 'yan kaɗan da suka fara taurin kai, da fari a Japan. Sauran magunguna kuwa labarinsu ya bambanta. Kafson nan ja da rawaya, watau tetarasaikilin, wanda ake saye a kasuwa, wanda danginsa muke zuba wa kaji a ruwa, fiye da kashi 80 cikin 100 na GBS ɗin mutane ba su jinsa. Wani bincike na 2014 ya nuna cewa yawan amfani da shi tun wajen 1950 shi ne ya kashe masu rauni, ya bar wa masu taurin kai fili, su ne kuwa suka bazu a duniya yau. Wani magani mai suna kilindamaisin, wanda akan ba matan da jikinsu ba ya karɓar fenisilin, shi ma da yawa sun daina jinsa, sai an gwada kafin a dogara gare shi.

Darasin a fili yake. Duk lokacin da muka sha irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba, ko muka ɗura wa dabbobi ba dalili, muna dakushe fartanyar da 'ya'yanmu za su yi noma da ita. Kuma macen da fenisilin ya taɓa sa mata borin jini, ko kumburin fuska, ko sarƙewar numfashi, ta faɗa tun ranar awon farko, a rubuta a katinta. Akwai waɗansu magungunan da likita zai zaɓa mata.

Wace mace ce ke bukatar allurar?

Hanya biyu ake bi a duniya. A Amurka ana shafo 'yar auduga a hanyar haihuwa da dubura a mako na 36 ko na 37, a kai ɗakin gwaji. Wadda aka samu da ƙwayar a yi mata allura ranar naƙuda. A Ingila an daɗe ana bin alamun haɗari maimakon gwada kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawara a yi wa matan da aka san suna ɗauke da ƙwayar allura a lokacin naƙuda.

Yawancin ƙananan asibitocinmu na karkara ba su da wurin wannan gwaji. Saboda haka alamun haɗari su ne abin da ya kamata kowane gida ya sani:

1. Naƙuda ta taso kafin mako 37, watau kafin wata takwas da rabi. Bakwaini ya fi kowa shiga haɗari.
2. Faya ta fashe, awa 18 ta wuce ba a haihu ba.
3. Zazzaɓi cikin naƙuda, digiri 38 ko fiye. Kada a ce maleriya ce kawai a ba da magani a gida. Yana iya zama cuta ce ta shiga mahaifa, wannan kuwa yana bukatar magani fiye da fenisilin kaɗai.
4. An taɓa samun GBS a fitsarinta cikin wannan ciki.
5. Ta taɓa haihuwar jaririn da wannan ƙwaya ta kama. Idan jariri ya taɓa rasuwa mata ko ya yi ciwo mai tsanani a kwanakin farko, ta gaya wa ma'aikatan awo ko da ba a san dalilin ba.

Nas ko likita ne za su yanke shawarar allura. Namu shi ne mu kai ta da wuri, mu kuma ba da labari daidai.

Aikin ƙungiya

Mun iya haɗa kuɗi mu sayi taki tun kafin ruwa ya sauka. Haihuwa ma ana sanin watanta. Ga abin da kowace ƙungiya za ta iya yi:

A ware ɗan asusu na kai mai naƙuda asibiti, a ba da rance ba jinkiri, a biya bayan girbi. Ma'aji ya ajiye kuɗin inda za a same shi ko da tsakar dare ne.

A yi magana da mai mota ko mai Keke tun ciki yana wata bakwai. A ajiye lambar wayarsa a gida biyu ko uku.

Idan rafi yakan yanke hanya da damina, mai ciki ta koma wurin dangi kusa da asibiti tun wata na tara bai kama ba.

A tambaya tun ranar awo ko asibitin yana da amfisilin ko fenisilin na jijiya, da mai sa shi da dare. Idan babu, a san asibiti na gaba.

A rubuta lokacin da faya ta fashe. A dubi agogo ko waya, a rubuta a katin awo. Nas za ta tambaya, kuma "tun jiya" ba amsa ba ce. Da zarar ruwa ya zubo a kama hanya, ko ciwon naƙuda bai fara ba.

Maigida ya ba da izini tun da wuri, domin kada a zauna jiransa yana gona ko kasuwa. Iyaye mata na Zumunta kuma su yi wa 'yan mata masu cikin fari magana. Ɓoye naƙuda saboda kunya ko nuna jarumtaka yana cinye awoyin da magani ke bukata.

Alamun haɗari ga jariri

Ko an yi allura ko ba a yi ba, a garzaya asibiti idan jariri yana nishi a kowane numfashi, ko yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa. Haka kuma idan ya ƙi mama, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya saki jiki ba ya motsi sai an taɓa shi, ko yana jijjiga, ko maɗigarsa ta kumbura. Wannan ciwo awoyi yake ƙirgawa. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya jiƙo ko hayaƙi. Idan an kai da wuri akwai allurar da ke warkar da shi.

Masana suna kan aikin allurar riga-kafi da za a yi wa mai ciki, domin ta miƙa wa jariri kariya tun yana ciki. A 2023 an buga sakamako mai ƙarfafa zuciya na gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu, amma ba ta iso asibitocinmu ba tukuna. Kafin ta iso, abin da ke hannunmu shi ne tsohon maganin nan mai araha, da awoyin da za mu ba shi ya yi aiki.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro na gaba, maza da mata suna zaune. A ƙirga masu ciki nawa ne a cikin gidajen membobi, a san watan kowace, a san wanda zai ɗauke ta. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya mana abin da suka haifa.